Faifan Malam Bitrus a Zauren Kifi

Jiya na ji ɗayanku, ku masu koyon aiki, yana cewa wai aikin jeren faifai ba wani abu ba ne, ka cusa faifai huɗu a akwati, ka danna, manhaja ta yi sauran. Ban tanka ba saboda bakina cike yake da ƙosai. Yau na ci na ƙoshi, don haka ku jawo benci ku zauna. Sunana Isuhu, ko da yake a nan Abakpa yanzu ba mai kirana haka sai uwargidana idan na ɓata mata rai. Kowa Baba Faifai yake ce min. A kan wannan sana'a na tsufa, da ita na aurar da 'ya'yana, kuma wallahi ban taɓa yin da-na-sani ba.

Bari in fara da abin da kuke ganin kun sani. Faifan ajiya na kwamfuta mutuwa yake yi, ba ya sallama. To don kada ya mutu da kayan mutane, sai mu haɗa uku ko huɗu su zama kamar guda, manhaja ta riƙa raba musu duk abin da aka ajiye, tana kuma ajiye jimlarsa a gefe. In na ce muku biyu da wani abu da huɗu sun ba da tara, ai kun san abin nan uku ne. Haka manhajar take cike gurbin faifai ɗaya idan ya mutu. Amma in biyu suka ɓata a lissafin, ko malamin lissafi na jami'a ka kira sai dai ya sosa ƙeya. Wannan shi ne duka sirrin, a baki. A hannu kuwa, ina!

Ranar da na fara shiga ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata, gyaran tafireta kawai na iya. Maigidana a wannan aiki, Oga Luka, wani dogon mutum ne mai ƙarancin magana, kullum da rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗakin. Ya nuna min akwati mai faifai a jere, ya ce ɗaya ya mutu, in ciro shi. Na duba allo, allo ya ce na biyu ne. Na miƙa hannu zan zare na biyu daga hagu, sai na ji an make min hannu da rula, tas!

"Na biyu daga ina?" in ji shi.

"Daga hagu, Oga."

"Wa ya faɗa maka kwamfuta daga hagu take ƙirga?"

Ashe na biyun da manhaja take nufi, a akwatin shi ne na can ƙarshe, don wanda ya jona wayoyin tun farko ya sarƙa su yadda ya ga dama. Da na zare wancan mai lafiya, da na kashe jeren gaba ɗaya da hannuna. Oga Luka ya buɗe aljihun tebur ya ciro kwalbar jan farce. Na yi zaton ta matarsa ce ya manta da ita. Ya sa ni na karanta lambar jikin kowane faifai, na gwada da wadda allo ya nuna, sannan na ɗiga wa mataccen jan farce a goshi. Ya ce daga yau ba na zare faifan da ba shi da ja. Har gobe akwai jan farce a jakata, kuma matar da nake saya a wurinta a Kasuwar Barci ta daɗe tana yi min wani irin kallo.

Sauran kayan aikin ba su da yawa: sukudireba, burushi mai laushi, batir babba da zai riƙe na'ura idan Nepa ta yi halinta, sai kunne. Kada ku yi dariya. Oga Luka ya yi watanni yana sa ni kara kunne a jikin akwati kafin ya bari na taɓa madannai. Lafiyayyen faifai yana da gunjinsa, ƙasa-ƙasa, ba yankewa. Wanda ya fara ciwo sai ka ji yana ɗan ƙyas-ƙyas, ya yi shiru, ya sake. Manhaja za ta gaya maka, amma sau da yawa kunne yakan riga ta.

Akwai kuma al'adar da ta sa 'yan kasuwa suka ƙi jinina. Ba na sayen faifan jere ɗaya a shago ɗaya. Ɗaya a nan, ɗaya a can, wani ma sai in aika Kano. Faifan da suka fito kwali ɗaya, rana ɗaya aka ƙera su, rana ɗaya aka kunna su, aiki ɗaya suke yi, to kusan tare suke mutuwa. Wani mai ɗaukar hoto a Rigasa ya taɓa yi min tijara a kan haka, wai na haɗa masa 'yan tsince-tsince, ko launinsu bai zo ɗaya ba. Na ce masa ai ba anko za su yi ba. Shi ne dai mutumin da daga baya ya goge hotunan wani biki da kansa, ya zo yana cewa ai faifansa biyu ne, in ciro masa daga ɗayan. Na ce Alhaji, irin haɗin da ka zaɓa, duk abin da ka yi wa wannan nan take ake yi wa wancan, har gogewar. Ya tafi yana zagina, bayan sati ya dawo da aiki.

To yanzu ga aikin da na tara ku dominsa. Malam Bitrus tsohon malamin firamare ne, mutumin kudancin jihar nan, yana zaune a Rafin Guza. Tun yana saurayi duk hutu sai ya tafi ƙauyensu da rikoda, ya zaunar da tsofaffi su yi masa waƙoƙin noma da na niƙa da tatsuniyoyi da yarensu, yaren da ya ce jikokinsa ma Hausa ta cinye musu shi. Kaset buhu-buhu. Da ya yi ritaya sai ya zauna ya juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na haɗa masa akwati mai faifai huɗu. Na sa masa 'yar jar fitila a gaba, na ce Malam, ran da ka ga wannan ta kama, ko kana cin tuwo ne ka ajiye ka kira ni. Na kuma ce ya riƙe kaset ɗinsa da kyau, don akwatin nan ba ya maye gurbinsu. Ya riƙe, amma a ƙarƙashin gado. Wata damina kogi ya cika ya shigo musu har ɗaki, kaset suka zama laka. Akwatin ne kawai ya tsira, don yana kan kabad. Tsofaffin kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Kenan muryarsu ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan akwati.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Aka ce ruwa ya ci masana'antun da ke ƙera faifai a can ƙasashen waje, faifai ya ɓace a kasuwa. Wanda ka samu kuma, sabo ne a kwali, amma ka jona shi manhaja ta nuna maka ya yi shekaru yana bauta a wani wuri, an wanke masa fuska ne kawai an liƙa sabuwar takarda. Da yawa cikin abokan sana'ata suka koma sayar da kati da cajin waya. Ni ma na fi wata ina zaune ina korar ƙuda a shago.

A cikin wannan hali wata safiya sai ga Malam Bitrus ya sauko daga Keke, rungume da akwatin, an naɗe shi da zanen matarsa.

"Malam Isuhu, ya ƙi buɗewa."

Na warware zanen, sai na ga baƙin salatif a liƙe daidai wurin fitilar. Na ɓare. Da na kunna, ja wur.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ai fitilar ce ta lalace. Tun kafin Kirsimeti take ci, tana hana matata barci. Na duba kuwa, komai na buɗewa lafiya lau, ko waƙa ɗaya ba ta ɓata ba. Sai na ce me zai sa in tayar da kai a kan ƙwan fitila."

Kai! Na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka. Kun ga mugun halin wannan sana'a kenan. Faifai ɗaya ya mutu tuntuni, sauran ukun suka rufa masa asiri, suna ta cike gurbinsa da lissafi, har mai kaya ya ɗauka fitila ce ke ƙarya. Yanzu na biyu ya fara ciwo, manhaja ta fitar da shi, jere ya tsaya cak. Na kara kunne. Ƙyas-ƙyas, shiru, ƙyas-ƙyas. Na kashe na'urar ba shiri.

Na gaya masa gaskiya, ban ɓoye ba. Na ce mataccen ya tafi, ba sauran zance. Mai ciwon nan shi ne komai. In ya ba mu abin da ke cikinsa kafin ya cika, mun tsira, in ya riga mu, to sai haƙuri. Sai ya ce akwai waƙa guda ɗaya da in za a iya, a fara da ita. Waƙar niƙa ce ta mahaifiyarsa, ya ɗauka a ranin ƙarshe da ta yi a duniya. Dole na ce masa ba a yin haka. Kowace waƙa a yayyanke take, an watsa ta a kan dukan faifan, ba wurin da zan sa hannu in ce ga Mama nan. Ko duka ko babu.

Nan ne ku za ku yi ɓarna. Na san ku. Za ku cusa sabon faifai, manhaja ta tambaya ko ta sake gina jeren, ku danna e da murna. Sake gini kuwa yana nufin a tilasta wa mai ciwon nan ya karanta kansa kaf, da gudu, ba hutawa. Kamar ka tayar da mai zazzaɓi ne ka ɗora masa buhun masara. Abin da ake yi shi ne a ware shi gefe, a kwafe shi sannu a hankali zuwa wani lafiyayye. Akwai 'yar manhajar da ke wannan aiki: ta fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo tana lallashinsu. Lafiyayyen faifai kuwa babu a kasuwa, don haka na zare na ajiyar shagona.

Saura wuta. Aikin zai ɗauki kwanaki, kuma faifai mai ciwo, tashi daga barci ne ke kashe shi. In wuta ta ɗauke ya tsaya, ba lallai ya sake juyawa ba. Batirina ba ya kai ko'ina, janaretona kuwa sai an kashe shi an ba shi mai an lallaɓa shi. Na zauna ina tunani: wa ke nan garin da ba ya yarda wutarsa ta ɗauke? Banki ba za su bar ni in shiga ba. Asibiti suna da abin da ya fi wannan. Sai na tuna da Hajiya Asabe, taubashiyata, mai ɗakin sanyi na kifi a bakin titi. Ita in wuta ta yi mata wasa, jarinta ne zai ruɓe, don haka janareto biyu gare ta, ɗaya na hutawa ɗaya na aiki.

"Wa nake gani kamar Isuhu?" in ji ta da ta hango mu. "Yunwa ce ta koro ka? Na ji an ce farantanku sun ƙare a kasuwa."

"Hajiya, masauki na zo nema wa mara lafiya."

"Nan ya yi maka kama da asibiti? Su kifin nan duk matattu ne."

Na yi mata bayani, Malam Bitrus na tsaye da akwati a ƙirji kamar mai goyon jariri. Da ta ji zancen muryar uwarsa sai ta daina tsokana. Ta ce a saka a cikin ɗakin sanyin mana, ai ta ji ana cewa sanyi na gyara su. Na ce a'a, raɓa za ta kashe shi, zaure nake so, inda ake sauke kwalaye, akwai sanyi-sanyi kuma a bushe yake.

"To ga sharaɗi," ta ce. "In abin nan naka ya jawo min matsala a layin wuta, kai da shi zan saka a firiza. Kuma ba ruwanka da kifina, na san halinka tun muna yara."

Muka kafa tebur a kusurwa tsakanin kwalayen kifi. Na jona batirina a tsakiya don ya riƙe 'yan daƙiƙun da ake sauya janareto, na kafa wa faifan fanka, na yi bisimilla na kunna. Ya yi ƙyas, ya yi ƙyas, sai ya ɗauka. Wayyo, daɗin da na ji!

Kwanakin nan ba zan manta da su ba. Kullum da safe Malam Bitrus zai zo da kujerarsa ta roba ya zauna gaban allo, alhali ba abin da yake gani sai lambobi na tafiya. Masu saro kifi su shigo, su ga dattawa biyu sun tasa akwati a gaba sun yi tsit, su tambayi Hajiya ko lafiya. Ta ce musu jinya muke yi, su rage murya, kuma duk wanda ya buga teburin nan da kwali ba ita ba shi. Da rana ta aiko mana da soyayyen kifi da yaji, tana cewa bashi ne a kaina har lahira. Farko aikin ya yi gudu. Da aka zo wuraren gardama sai ya koma rarrafe, faifan na kuka, manhaja na komawa tana sake roƙonsa. Malam Bitrus ya tambaye ni ko ciwo yake ji. Na ce ban sani ba, amma ni ina ji.

Ana saura ɗan kaɗan, wata la'asar, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya tsaya. Ban sake kunna shi ba, na san ya gama. Na ciro jan farce na ɗiga masa. Sannan na ɗauki kwafin na haɗa da lafiyayyun biyu, na umarci manhaja ta tayar da jeren don karatu kawai, kada ta rubuta ko ɗigo. Na danna. Sai ga sunayen waƙoƙi sun zubo a allo, reras.

Kusan komai ya dawo. 'Yan wuraren da ba su karantu ba sun bar ramuka nan da can, kuma don ƙaddara, ɗaya ya faɗa a kan waƙar da ya fi so. Na gaya masa kafin in kunna. Ya ce in kunna.

Aka fara jin dutsen niƙa, gurr, gurr, sai muryar tsohuwa, siririya, tana ja tana saki daidai da hannunta. Ba na jin yaren, amma na kasa kunne. Hajiya Asabe ta bar ciniki ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ana tsakiyar waƙa sai ƙara ta ɓarke kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, sannan shiru. A cikin shirun nan sai na ji waƙar ta ci gaba, da muryar namiji. Malam Bitrus ne, idonsa a rufe, bai ma san yana yi ba. Ya kai ƙarshen baitin, sai tsohuwar ta dawo daga cikin lasifika ta karɓa daidai inda ya ajiye, ko numfashi ba su saɓa ba. Hajiya ta ja gefen mayafi ta share ido, ta ce hayaƙin janareto ne.

Da ya buɗe ido ya ce, "Ka gani, Malam Isuhu, ba a yi asara ba. Wurin yana kaina."

Ni kuwa sana'a ta riga ta lalata ni. Na ce, "Malam, kanka ɗaya ne, kuma ba shi da jar fitila. Ban yarda da ajiya a wuri ɗaya ba."

Ya yi dariya har da tari. Na so in ɗauki muryarsa in liƙa a ramin, ya ƙi, ya ce ba zai sa muryar ƙato a tsakiyar ta uwarsa ba, a bar wurin yadda yake, zai san abin da zai yi. Ban matsa ba. Na kwafe komai wuri uku, ɗaya a gidansa, ɗaya a shagona, ɗaya aka kai ƙauye. Da kasuwa ta dawo na sake gina masa jeren da faifai daga shago huɗu, na kuma sa masa ƙararrawa mai ƙarar da salatif ba zai rufe ba. Akwatin dai har yau in ya ɗumama warin kifi yake yi.

Malam Bitrus ya rasu bara waccan, da tsufansa, a gadonsa. Watannin baya 'yarsa Rifkatu, wadda ke aikin jinya, ta kawo min akwatin nan shagon, ta ce ƙararrawa ta yi kuka da asuba, ko karyawa ba ta tsaya yi ba. Faifai ɗaya ne kawai, aikin yini guda. Na ɗiga masa ja, na zare, na sa sabo, manhaja ta gina abinta. Da aka gama na ce ta zaɓi wani abu mu gwada, don ba na sallamar aiki ban ji da kunnena ba. Ta zaɓi waƙar niƙa.

Dutse ya fara, tsohuwa ta ɗauka. Da muka doshi wurin na miƙa hannu zan rage ƙara, ina shirin yi mata bayanin ramin.

"Bar shi, Baba," ta ce. "Nan wurina ne."

Ta gyara tsayuwa a tsakiyar shagon nan, da farar rigar aikinta, ta rera baitin, kakarta ta karɓa.